Inda Pomyol Yake Farawa

Shekara arba'in da biyu Opon yana hawa Pomyol da kwale-kwale, bai taɓa sauka ya ja shi da igiya ba sai bana. A Gwiwar Tsohuwa, lanƙwasar da ruwa ke kai wa mutum ƙirji ko da bazara ta tsananta, gindin jirgin ya gogi tsakuwa ya tsaya cak. Opon ya tokara sanda ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, jirgi ya ce bai san zance ba. Karensa Lisko ya dube shi, ya dubi ruwan, ya dira ya taka zuwa gaɓa, ko cikinsa bai jiƙe ba.

"To, madalla," in ji Opon. "Har kare ya raina ka, Pomyol."

Da kogin yake, don ya saba yi masa magana kamar ɗan'uwa. Pomyol ba wani kogi ba ne da za a yi wa kirari. A bakinsa, inda yake zuba cikin babban kogin Ejva ƙasa da ƙauyenmu, in ka jefa dutse zai ƙetare, a can sama kuwa tsalle ɗaya ya isa. Ruwansa ja ne kamar shayin da ya kwana. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gaban Opon. Shi a wurinsa lanƙwasa ɗari da goma sha ɗaya ce tsakanin ƙauye da kan kogin, kowace da sunanta, in ka ba shi fuska kuwa sai ya jero maka su duka har abincinka ya huce.

A wajenmu ruwa ke raba daji. Ba a kafa turke, ba a jan layi. Duk ƙasar da ruwan samanta ya gangara ya shiga kogin gidanku, farautar wurin taku ce, wadda nata ya gangara kogin wasu, tasu ce. Pomyol na gidan su Opon ne. Sordyu, da ke gabas da shi, na gidan su Mikit ne, ƙanen matarsa Parass. Tsakanin kawunan kogunan biyu akwai wata faffaɗar fadama, a gefenta kuma ga Kuzyag, dogon tudun yashi mai manyan itatuwa, inda kurege da tulan, wata 'yar dabba mai tsadar fata, suka fi yawa a duk yankin. Ruwan tudun yana sauka cikin fadama, fadama kuma tana fita ta wani siririn wuya da ake kira Maƙogwaro ta faɗa Pomyol. Saboda haka Kuzyag na Opon ne, da ɗakin gungumen da ubansa ya gina a kansa, da tarkuna ɗari uku da ke jere a hanyoyinsa. Abin da yake samu a tudun nan cikin wata biyu na farkon sanyi shi ke riƙe gidansa har ƙanƙara ta narke.

Tafiyar kwana uku sai da ta ci masa biyar, rabi a tuƙe, rabi igiya a kafaɗa, sauro na bin sa kamar ya ci musu amana. Da ya isa Maƙogwaro ya ga abin da ya shanye masa kogi.

Moi ne. Shekara tara da suka wuce hukuma ta kawo su cikin akwatuna ta saki a Ejva, wai kakanninmu sun ƙarar da su, za a mayar da iri. Dabba ce kamar ƙatuwar gafiya, jelarta kamar filafilin jirgi, ba ta da wata sana'a sai sare itace da haƙori ta toshe ruwa. Aka kuma kafa doka, wanda ya kashe ɗaya zai sha ɗauri. Suka yi ta hawa Pomyol sannu a hankali, cikin lanƙwasa ɗari da goma sha ɗaya ba su ga inda ya yi musu ba sai Maƙogwaro. Sun jera rassa, sun yaɓe da laka, madatsar ta kai wa Opon haɓa. Ruwan fadama ya taru ya rasa mafita, ya juya gabas ya bi wani kwari mai ciyawa da Opon bai taɓa ganin ruwa a cikinsa ba, ya nufi Sordyu hankali kwance kamar wanda ya san hanya.

Opon ya tuɓe riga ya shiga da gatari da ƙugiya. Wuni guda ya yi yana fizgar rassa yana jifa, yana zagin moi da iyayensu da wanda ya ƙera akwatunan da aka kawo su. Zuwa yamma madatsa ta ɓalle, ruwa ya bi Maƙogwaro da gurnani, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya hau tudu ya yi kwana huɗu yana gyaran tarkuna. Da ya sauko ya tarar sun mayar da ita, har sun ƙara mata taku guda.

Ranar da ya dawo gida, Mikit ya samu a kan bencinsa, yana cin gurasa mai kifi a ciki, ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa. Mikit gajere ne mai yawan dariya, 'ya'yansa maza huɗu duk mafarauta, duk a kan Sordyu ɗaya. Opon kuwa ɗa ɗaya ya haifa, shi ma ya tafi birni aikin waya, ya fi shekara goma bai taɓa tarko ba.

"Sannu da hanya, Yaya," in ji Mikit. "Na ji an ce yanzu a ƙafa ake hawa Pomyol. Ka ba ni jirgin nan mana, in ba ka takalmi."

"Kai dai ci gurasar gidana ka yi mini shiru."

"Gurasar yayata ce. Sordyu fa bana ya cika ya batse. Na ce wannan ruwa daga ina? Na kamfata na kurɓa, sai na ji ƙanshin Kuzyag."

"Ɓarayi ne suka shaƙe mini kogi. Ɓarayi masu jela."

"Ni dai ban aike su ba, ba na jin yarensu." Mikit ya share baki, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Na je wurin tsoho Pime, Yaya. Ranar Semon za a jefa ɓawo."

Opon ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. In aka yi gardamar ƙasa, haka ake yanke ta. Ranar Semon, ranar da ake buɗe farauta, dattijo ya shiga tsakiyar ruwan da ake gardama a kansa ya saki farin ɓawon itace, a bi shi da ido. Kogin da ya shiga, shi ke da ƙasar. Ba a daɗa ba a ragewa, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙarar ɓawo gaba.

"Za ka kai ni gaban Pime a kan aikin gafiya?"

"A kan ruwa zan kai ka. 'Ya'yana huɗu suna ɗana tarko a kan na juna, shekaranjiya biyu sun kusa ba hammata iska a kan kurege ɗaya. Ban roƙi ruwa ya zo ba. Amma tunda ya zo, ba zan kore shi ba."

Duk wannan Parass na gefe tana murza ƙullu, ko kai ba ta ɗaga ba. Bayan Mikit ya fita Opon ya huce a kanta.

"Ke ba ki da baki ne? Ƙanenki ya zo har ɗaki zai yanke mini hannu, kina nan kina lallashin gari."

"Wanke hannun ka ci abinci, tsoho, tun ba a yanke ba. Ruwa ba ya jin faɗa."

"Gidan wa kike ciki, nawa ko nasu?"

"Inda nake shekara arba'in. Ga miya nan tana hucewa."

Sau biyu ya sake komawa kafin ƙarshen bazara, kowace tafiya kwana goma, zuwa da dawowa. Ciyawar saniya da ya kamata ya yanka Parass ce ta yanke ta ita kaɗai. Ya rushe, suka gina. Ya rataye tsohuwar rigarsa a kan sanda don su ji warin mutum, suka sare sandar suka cusa ta cikin madatsa har da rigar. Ya ƙona tsumma da kwalta a bakin raminsu, suka haƙa sabuwar ƙofa. Sau ɗaya ya ga babban cikinsu yana iyo da reshe a baki, ya ɗaga bindiga ya auna tsakiyar kai, ya tuna ɗauri, ya tuna ƙauyenmu ba a ɓoye ko atishawa, ya sauke. Aikin baban giwa dai yake yi, ya kuma san haka, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da mutum ne ya yi masa wannan da ya san inda zai kama shi.

Daga nan sai dabara ta faɗo masa. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau jirgin haya ya sauka garin hakimi, ya tambaya aka nuna masa ɗakin da ake ajiye taswira. In takardar hukuma ta nuna fadama tana zuba a Pomyol, ko Pime sai ya yi tunani sau biyu.

Wata matashiya mai tabarau ya samu, hannunta duk tawada. Ta saurare shi har ya kai lanƙwasa ta ashirin da wani abu, sannan ta ɗaga hannu ta shimfiɗa takarda.

"Ga sabuwa, Baba, daga jirgin sama aka ɗauka. Ina kogin naka?"

Opon ya daɗe yana nema. Da ya same shi sai ya ji kamar an zage shi. Wani ɗan zare ne shuɗi, ko suna ba a rubuta masa ba, lanƙwasa ɗari da goma sha ɗaya an mayar da su shida.

"Wannan ne Pomyol? Ina Gwiwar Tsohuwa? Ina Kwarin Agwagwa?"

"Ba wuri a takarda, Baba. Bari in duba tsohuwar, ta zamanin sarki."

Ta ɗauko wata da ta yi jaja-jaja don tsufa, ta danne gefenta da kofi. A nan an rubuta sunan, sai dai kogin ya tsaya a gindin tudu, bai kai fadama ba. Daga fadama kuwa an ja ɗan layi zuwa gabas.

"Wanda ya zana wannan a buge yake," in ji Opon.

"Mai yiwuwa, sun sha yi." Ta koma kan sabuwar ta ɗora farce a kan Maƙogwaro. "Amma wannan gaɓar tana ba ni mamaki. Duk kogin a murɗe yake, ita kaɗai ce miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare."

"Shi ne kyan Pomyol, 'yata. Taku ɗari biyu, sambal kamar bakin bindiga. Babu irinsa a duk ƙasar nan."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ko ma dai yaya ne, a doka daji na hukuma ne, Baba. Ba naka ba ne, ba na surukinka ba."

"To ki je ki faɗa wa Mikit haka. Takardar kashe moi fa, nan ake bayarwa?"

"Ba nan ba. Kuma ba a bayarwa."

Ya fito bai ko yi mata sallama ba. A jirgi ya zauna a baya shi kaɗai yana ƙunƙuni, mutane suka ɗauka addu'a yake.

Saura kwana uku ranar Semon ya isa Maƙogwaro, wannan karon da shebur. Shirinsa ya haƙa rami a gefen madatsar, ƙasa-ƙasa, ya rufe bakinsa da ciyawa, ta yadda ranar in ya buɗe, ruwa zai fita da ƙarfin da zai ja ɓawo ko daga ina aka sake shi. Ganye ya fara zuba, ruwa ya yi sanyin da ke shiga ƙashi. Ya haƙa har gwiwa, har cinya, sai shebur ya daki abu ya yi ƙara. Ya zaci saiwa ce, ya sa hannu ya share laka.

Gungume ne, an fafe shi ɓangare huɗu da gatari. A ƙarƙashinsa wani, a ƙarƙashin wannan wani, an jera su an kafe da turaku, irin itacen nan da ba ya ruɓewa cikin ruwa. Opon ya bi gaɓar yana soka shebur, taku goma, taku talatin, ko'ina itace. Ya tsallaka ɗaya gaɓar, nan ma haka. Maƙogwaro duka a ɗaure yake da gungume hagu da dama, gansakuka da ciyawa ne kawai suka lulluɓe shi.

A kan gungumen farko, kusa da bakin fadama, akwai sara. Kowane gida a wajenmu yana da shaidarsa da yake sarawa a kan abin da ya yi da hannunsa. Opon ya wanke wurin da tafin hannu. Ƙafar tsuntsu ce mai yatsa uku, da tsaga biyu a gefe. Ita ce a ƙotar gatarinsa, ita ce a goshin jirginsa. A ƙasanta ga ɗigo ɗaya, wanda kakansa Yogor kaɗai ke ƙarawa.

Ya zauna a cikin laka. Ashe Pomyol bai taɓa kai wa fadama ba. Kakansa ne ya yanka tudu taku ɗari biyu ya jawo ruwan mutane, da Kuzyag a bayansa. Kwarin nan mai ciyawa shi ne hanyar da Allah ya yi, moi ba su yi komai ba illa rufe ƙofar da ɓarawo ya buɗe. Kunya ta kama shi, haushi ya biyo baya, ya rasa wanda zai ɗora wa. Yogor ya mutu tun Opon na goye. Ya tuna yadda ya buga ƙirji a gaban yarinyar nan mai tabarau, ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

Ya daɗe a zaune, Lisko na kallonsa daga gaɓa.

"Me kake kallo? Kai ka haƙa?"

Sai ya miƙe ya kwashi laka ya yaɓe shaidar, ya mayar da ciyawa kan gungumen, ya tattake da ƙafa. Ya ce a ransa, shekara tamanin ba wanda ya sani, ba a bakinsa za a ji ba. Wa zai ci da shi da Parass in tudu ya tafi? Ƙasan Pomyol ba abin da ke ciki sai sauro da 'yan fakara. Ramin da ya yi niyya kuwa ya fasa, don gungume ya tare hanya.

Ranar Semon, gari na wayewa, lokacin da moi suka koma rami barci, ya faɗa wa madatsa da ƙugiya kamar mahaukaci. Bai taɓa yi mata ɓarna irin ta ranar ba. Ya buɗe ta tun daga sama har gindi, ruwan da ya yi wata guda yana taruwa ya zubo ta Maƙogwaro, jajir, yana tumbatsa yana cin gaɓa. Opon ya hau sama ya sauya wando ya hura wuta, ya zauna kamar mai jiran baƙi.

Da hantsi suka iso ta Sordyu, cikin jirgin Mikit, suka tuƙo har tsakiyar fadama ba tare da sun sauka ko sau ɗaya ba, abin da ya ƙara ƙona wa Opon rai. Tsoho Pime na zaune a tsakiya, ya naɗe da bargo, gemunsa fari fat. A bayansa Parass ce, da ƙunshin abinci a cinya.

"Ke kuma me ya kawo ki?" in ji Opon daga gaɓa.

"Na zo in ga ko ka ci abinci."

Mikit ya kasa kunne ya ji gurnanin ruwa, ya dubi jiƙaƙƙen wandon da ke rataye a bakin wuta. "Yaya ya yi sammako."

"An hana ne?"

"Ba a hana ba," in ji Pime. "Ruwa dai aka ce a duba, ba a ce a duba wando ba. Ku yi mini shiru."

Ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya ciro farin ɓawo kamar tafin hannu daga ƙirjinsa ya aje a kan ruwa. Ɓawo ya tsaya. Ya juya sau ɗaya, ya ɗan karkata gabas. Sai jan Maƙogwaro ya kamo shi, ya fara tafiya yamma, a hankali, sannan da sauri.

Al'ada ce a bi ɓawo har a ga ya shiga kogi. Suka sauka suka bi gaɓa, Mikit na riƙe da hannun Pime. A bakin wuyan suka tsaya suka ga farin abu ya wuce ta tsakiyar ɓarakar, ya miƙe sambal.

"Ya shiga Pomyol," in ji Pime. "Kuzyag na Opon ne."

Opon bai ji daɗin da ya zata ba, don idonsa na kan gaɓar da ke fuskantarsu. Ruwan da ya saki da hannunsa ya wanke lakar da ya yaɓa, ya ɗauke ciyawar, ya tafi da gansakukar shekara tamanin. Gungume uku na tsaye tsirara, baƙi wuluk, a kan na sama ƙafar tsuntsu da tsaga biyu da ɗigo, rana na haska su kamar yau aka sara. Taku huɗu ne tsakaninsu da ita. Ko Pime mai hazo a ido ba zai ce bai gani ba.

Pime ya mayar da hularsa. Parass ta tsuguna tana kwance ƙunshi. Mikit ya dubi shaidar kamar yadda mutum ke duban ƙofar maƙwabcinsa, ya juya ya miƙa wa Opon hannu.

"Allah ya ba da sa'a, Yaya. Baɗi ma sai ka yi sammako."

Opon bai karɓi hannun ba. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, yana jiran ihu, ko zagi, ko dariya ma. Shirun ya fi ƙarfinsa.

"Ku makafi ne? Ba ku ga abin da ke gabanku ba?"

"Mun gani," in ji Parass, ba ta bar yanka gurasa ba. "Ina 'yar shekara bakwai Baba ya kawo mu nan ya ɗaga ciyawa ya nuna mana."

"Kin sani?"

"Kowa ya sani, tsoho. Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba, kai da ɗanka."

Pime ya gyara murya. "Shekarar yunwa ce. Yogor na da baki goma sha ɗaya a gida, ya binne uku. Kakan su Mikit ya zo duba tarko ya tarar da shi yana haƙa, ya koma gida bai ce masa uffan ba. Ya tara 'ya'yansa ya ce ruwa ya tafi da ƙafarsa, wanda ya je ya dawo da shi da hannu ko da baki, ba jininsa ba ne. In ya dawo da kansa, to a karɓa."

"Da ka zo neman aurena kuma," in ji Parass, "Baba ya ce shi ke nan, yanzu ma 'yarmu ce za ta ci. Ya ce kada a gaya maka, kai mai zuciya ne, za ka ƙi tudun ka ƙi ni."

Opon ya juya kan Mikit. "Kai kuma ka bar ni ina rusawa? Sau uku, yau na huɗu. Kalma ɗaya da ka faɗa a gaban Pime ai da ka gama da ni."

"Ba ni da izinin faɗa, Yaya. Kai ka tone, kai ka wanke, kai ka tambaya."

Shekara arba'in yana zama a bakin shago yana ba mutane labarin Maƙogwaro, sambal kamar bakin bindiga, babu irinsa a ƙasar nan, suna gyaɗa kai suna cewa haka ne. Shekara arba'in matarsa na gasa naman Kuzyag tana aje masa a gaba, ta san na gidan ubanta ne. Ba su yi masa don mugunta ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya so ya yi faɗa, ya nemi wanda ya cuce shi a cikin ukun nan ya rasa.

"Hukunci dai ya faɗu," in ji Pime. "Bana tudu naka ne, ba mai ja."

"Riƙe hukuncinka, Baba."

Ya tuɓe busasshen wandon ya mayar da jiƙaƙƙen. Ya gangara cikin ruwa har ƙugu, ya jawo wani ƙaton reshe daga cikin waɗanda ya zubar da asuba, ya gitta shi a ɓarakar. Ruwa ya fizge. Ya kamo wani ya kafa da ƙarfi, ya danne da gwiwa, ya kwaso laka da hannu biyu.

"Tsoho, fito, sanyi zai kama ka," in ji Parass.

"Ƙyale ni. Malalatan banza, wuni guda suna barci, sun bar wa mutum aiki."

Mikit ya tsaya yana kallo. Daga baya ya cire takalmi ya shigo. "Ba haka suke jerawa ba, Yaya. Gindin reshe ƙasa yake kallo."

"Kai da ba ka jin yarensu?"

Suka yi ta jerawa suna yaɓewa har rana ta karkata, ruwa na kwashe rabi suna mayarwa. Aikin bai yi kyau ba, amma ya tsaya, sauran kuma masu shi za su ƙarasa. Sannu a hankali gurnanin Maƙogwaro ya ragu, ya koma tsiyaya, gungumen Yogor suka fito fili har gindi. Pime ya ɓantari wani ɗan ɓawo ya jefa, ba don hukunci ba. Ya yi 'yar juyawa ya nufi gabas.

Opon ya fito yana rawar sanyi, leɓensa ya yi shuɗi. Ya ciro mabuɗin ɗakin gungume daga wuyansa ya jefa wa Mikit a ƙirji.

"Rufin yana yoyo ta arewa. Tarkunan bayan dutse suna son sabuwar igiya. In 'ya'yanka suka ƙona mini benci sai na karya su."

"Yaya, ɗakin ai zai ɗauke mu duka. Ka zo mu..."

"Ban tambaye ka ba."

Mikit ya ce su zo ya sauke su ta Sordyu, kwana biyu sun isa gida a zaune. Pime ya shiga jirgi. Opon ya kaɗa kai, ya kira Lisko, ya bi gefen Maƙogwaro zuwa ƙasa, taku ɗari biyu, har inda katangar itace ta ƙare. A gindin tudu, ƙarƙashin wani dutse, ɗan idon ruwa na ɓulɓulowa, hula za ta rufe shi. Sau dubu ya wuce wurin bai taɓa ba shi suna ba. Ya tsaya yana kallonsa, sai ya ji taku a bayansa. Parass ce da ƙunshinta.

"Koma ki bi ƙanenki. Nan ba ruwa, kwana biyar ne a ƙasa."

"Na sani."

Jirginsa na kwance a kan tsakuwa inda ya ɗaure shi, ruwan da ke ƙarƙashinsa bai kai idon sawu ba. Opon ya kwance igiya ya ɗora a kafaɗa ya ja, jirgi ya yi ƙara bai motsa ba. Parass ta jefa ƙunshin ciki, ta tattare bakin siket ta soke a ƙugu, ta shiga ruwa ta kama baya.

"Ja mana, tsoho," ta ce. "Saura lanƙwasa ɗari da goma sha ɗaya."